MOTAR TSERE 'YAR BELJIYAM: HALAL CE, AMMA WA ZAI CIYAR DA ITA?



Akwai tambayar da matasa ke yawan turowa: "Malam, na ɗan samu kuɗi, na ga Mustang ko Marsandi mai ƙofa biyu 'yar Beljiyam, kuɗinta bai fi na Corolla mai lafiya da yawa ba. Ina so in saya in riƙa zuwa aiki da ita. Akwai laifi?"

Amsa a taƙaice: babu laifi a asalin sayen. Abin hawa mai kyau ni'ima ce. A Suratun Nahli Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya nuna an halicce su don hawa da kuma ado. Ka ga ke nan adon ma an ambace shi cikin ni'ima. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Muslim ya ruwaito, da wani ya tambayi Annabi (SAW) kan mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, Annabi bai sa wannan cikin girman kai ba. Ya bayyana girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. Don haka duk wanda ya ce maka mota mai tsada haramun ce don tsadarta kawai, nemi ya kawo dalili.

To amma mai tambaya, kada ka tashi tukuna. Fatawar halal ta buɗe maka ƙofa ne, lissafin yana ciki.

A zamanin Annabi (SAW) doki shi ne abin hawa na alfarma da gudu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya kasa masu riƙe doki gida uku. Wani dokinsa lada ne gare shi, domin ya tanade shi saboda Allah. Wani sutura ne gare shi, ya riƙe shi don biyan buƙata da kame kai, bai kuma manta haƙƙin Allah a cikinsa ba. Wani kuwa zunubi ne, domin alfahari da riya da adawa da Musulmi suka sa ya ɗaure shi. Doki iri ɗaya, hukunci uku. Abin da ya raba su niyya ce da kuma haƙƙin da ke rataye da dabbar. Haka motar take.

Bari mu fara da haƙƙi, tunda shi ana iya lissafa shi da biro.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa motar da aka saya da tsadar gaske a Amurka ko Jamus ta faɗo har ta zo daidai aljihunka? Kuɗin motar ne ya sauka, kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake. Birkinta, tayarta, giyarta da na'urorin lantarkinta duk an yi musu farashi ne don wanda ya saye ta sabuwa. Wasu ma an taso su ne daga gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya, aka buga, aka yi fenti, aka sa a jirgin ruwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Sai cinta. Mustang mai injin lita 5 silinda 8 gare ta, Corolla kuwa 4. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta kai 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma kayan gyaran irin waɗannan motoci da dala ake shigo da su.

Sai hanya. An ƙera motar tsere cikinta dab da ƙasa, tayarta siririyar roba, don shimfiɗaɗɗen titi. Eh, za ta yi kyau a kan titin Isa Kaita ko Ali Akilu, za ta haye gadar Kawo kamar iska. Amma kai kullum ne za ka hau ta. Za ka kai gaisuwar mutuwa lungunan Rigasa da damina, za ka shiga Hayin Banki da Unguwar Dosa, za ka tsaya a cunkoson Ahmadu Bello Way gaban Kasuwar Gumi injin na shan mai kana tafiyar kunkuru. Kowane tudun rage gudu sai ka karkace ka haye, ƙirjinka na dukan uku-uku kada ƙasanta ya gogu. Ranar da wani abu ya lalace, ka zagaye Panteka babu, a ce sai an aiko daga Ladipo a Legas, ko daga Dubai. Motar ta kwanta wata guda a garejin bakanike, mai ita yana tsayar da Keke Napep.

Iyayenmu sun hau Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a nan Kakuri, tsallaken kogi, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Tana da tsawo daga ƙasa, kowane bakanike ya san cikinta, tana ɗaukar maigida da uwargida da yara da buhun masara. Ita kuwa mai ƙofa biyu, ina mahaifiyarka za ta zauna ranar da za ka kai ta asibiti? Ka naɗe kujera ta sunkuya ta kutsa baya da ciwon gwiwarta?

A nan ne maganar ta zama ta addini. Kuɗin da motar za ta riƙa ci duk wata daga wani wuri za su fito. In daga rarar dukiyarka ne, bayan ka sauke cefane da haya da kuɗin makaranta da haƙƙin iyaye da zakka in ta wajaba a kanka, to Allah Ya sanya alheri, ka hau abinka ka gode Masa. Tirmizi ya ruwaito cewa Allah na son ganin alamar ni'imarSa a jikin bawanSa. In kuwa sai an rage naman miya kafin a cika tanki, sai an ce wa yaro ya jira wata mai zuwa a biya kuɗin jarrabawa domin an sayi taya, to motar tana cin abincin iyalinka ne. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke nuna tozarta waɗanda ciyarwarsu ke wuyan mutum ya ishe shi zunubi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba za ka ce ba ka sani ba.

Mafi muni shi ne a ciwo bashi a saya, balle bashin banki mai ruwa. Ka tuna an kawo gawa gaban Annabi (SAW), da ya ji akwai bashi a kanta kuma ba a bar abin biya ba, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wannan yana cikin Bukhari. Anya ƙarar salansa ta kai a ɗauki wannan nauyi saboda ita?

Akwai kuma haƙƙin mutanen hanya. Dokar tuƙi ta ƙasa ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari, motar nan kuwa an yi ta don gudun da ya haura 200. Kullum ƙafarka na kan totur, zuciya na raya maka ka ɗan taka. Titin da za ka taka ɗin akwai 'yan Islamiyya masu tsallakawa, da mai tura ruwa, da tsoho mai sanda. Suratun Nisa'i ta ɗora wa kisan kuskure diyya da kaffara, kaffarar a yau azumin wata biyu ne a jere. Wanda ya yi ganganci da gudu a cikin unguwa kuwa, ya ji tsoron Allah kafin ya kira abin ƙaddara.

Saura niyya, ita kuma ba mai ganinta sai kai da Mahaliccinka. Ga gwaji mai sauƙi: da a ce ba wanda zai gan ka a cikinta, ba hoto, ba TikTok, ba waiwaye a ƙofar masallacin Sultan Bello ranar Juma'a, za ka saya? In zuciyarka ta ce eh, kana son motar ne, kuma son abu mai kyau ba aibi ba ne. In ta yi shiru, idon mutane kake shirin saya da miliyoyinka. Suratul Ƙasas ta ba da labarin fitowar Ƙaruna cikin adonsa, da yadda masu son duniya suka yi burin samun irin nasa, da yadda suka janye burin bayan ƙasa ta haɗiye shi.

Mu ma 'yan kallo da namu rabon wa'azin. Kada ka ga matashi cikin mota mai kyau ka yanke masa hukuncin ɓarawo ne ko ɗan damfara ko mai girman kai. Ba ka tsaga zuciyarsa ba. Sau da yawa abin da muke kira nasiha hassada ce ta sa rawani.

Ɗan'uwana mai tambaya, kafin ka miƙa wa dillali kuɗi, ka sa a binciki tarihin motar da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, ka je da bakaniken da ba na dillalin ba, ka tabbatar da takardun kwastan. Sannan ka zauna ka rubuta abin da za ta ci a shekara, ka ajiye kusa da abin da gidanka ke ci. Ka nuna wa matarka ko mahaifinka takardar. In kana jin kunyar nuna musu, ka riga ka samu amsarka. Ka yi istihara.

Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu daga bashi da riya, Ya sa abin da muka mallaka ya zama sutura gare mu duniya da lahira.

Wallahu a'alam.