Hukuncin Ƙuri'ar Cin Kyauta a Intanet

Wani saurayi daga Jiga Birni ya aiko da tambaya. Yana son ya buɗe shafi a intanet inda kowa zai zuba Naira 500, a jefa ƙuri'a, mai rabo ya ɗauki keken ɗinki. Shin ya halatta?

Ɗana, bai halatta ba. Wannan ita ce cacar da Allah Ya haramta tare da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90. In mutum 1,000 suka zuba, ɗaya ne zai ci. Saura sun yi hasara, watakila ma kuɗin albasar da suka sayar a Aliero ne, rarar kuwa ta shige aljihunka ba da haƙƙi ba.

Ita ƙuri'a kanta ba laifi ba ce, domin Annabi (SAW) yakan jefa ta tsakanin matansa in zai yi tafiya. Saboda haka in ka ba da kyautar daga dukiyarka, ba ka karɓi ko kwabo daga masu shiga ba, ya halatta.

A 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa jihohi ikon tsara dokar caca. To, ko jiha ta ba ka lasisi, takarda ba ta halatta haram. Allah Ya ciyar da mu halal, amin.