Ɗana, Ka Nema wa Kifin Masauki Kafin Ka Nema wa Kanka

Ɗana, kiwon kifin ado ya fara shiga zukatan samarin cikin birni, kuma ni ban ga aibunsa ba. Mu Kanawa ba baƙin kiwon sha'awa ba ne. Tun muna yara akwai masu tattabaru a kan soro, da masu kanari a keji, da masu zomo a bayan ɗaki. To idan yau na leƙa shagon saurayi a Yakasai ko Gwale na tarar da akwatin gilashi a kusurwa, kifaye ja da ruwan ɗorawa suna kai da komo a ciki, sai in ce madalla, ya fi zaman banza a bakin titi. Abin da ke damuna shi ne ranar da za ka yi tafiya da kifin nan. Ka je bajen koli a Kaduna ko Abuja ko Legas, tun ranar farko idonka ya faɗa kan wanda ka daɗe kana nema, ka biya, aka ƙulla maka shi a leda, alhali saura kwana uku ka juyo gida. Ko kuwa naka ne ka ɗauka za ka kai nuni. Daga wannan lokaci ran wannan halitta ya rataya a wuyanka, a ɗakin otal da ba domin kifi aka gina shi ba.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne ke cikin wannan hali. A Amurka da Turai masu wannan sha'awa suna da ƙungiyoyi, wasu sun haura shekara 50 da kafuwa, suna taron shekara-shekara a manyan otal-otal, a yi nuni, a yi gasa, a rufe da gwanjo. A Nurambag ta ƙasar Jamus, duk bayan shekara 2 ake bajen kolin Interzoo na kayan kiwon dabbobin gida. Kuma ka sani, cikin kifayen da suke rububi akwai 'yan ƙasarmu. Akwai wani mai tsini a haɓa kamar hancin giwa da ake samu a Kogin Kwara, wanda ke fitar da 'yar wutar lantarki daga jikinsa don ya gane hanya a ruwa mai duhu. Daga Legas ake saka irinsu a jirgin sama, su kwana su wuni a leda, su sauka da ransu. Ashe abin mai yiwuwa ne. Sai dai masu yin sa da sani suke yi, ba da "Allah ya kiyaye" kaɗai ba.

Ladabin saukar dabba a masauki ma ba sai mun je Turai mun koyo ba. Wannan birni da fatauci ya ginu. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, ayari ke shigowa Kano. Masu raƙuma daga Azbin su ya da zango a Fagge, masu jakai su nufi gidan fatomansu. Falke na gari idan ya iso, ba ya zama kan tabarma sai ya sauke wa jakinsa kaya, ya duba bayansa ko ya yi miki, ya shayar da shi, ya zuba masa harawa. Sai sannan ya wanke hannu ya nufi akushi. Fatoma kuwa ya san cewa baƙonsa da dabbar baƙonsa duk a hannunsa suke. Wannan nake so ka riƙe: kafin ka tambayi mai otal ko talabijin tana aiki, ka fara tambayar inda kifinka zai kwana.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa a cikin ledar nan, domin wanda ya san dalili ba ya buƙatar a tsaya a kansa. Kifi yana numfashi ne da jan naman da ke ƙarƙashin kunnensa, yana tsotsar iskar oksijin da ta narke a ruwa. Iskar kuwa kaɗan ce ƙwarai. A iskar da muke shaƙa, oksijin ya kai kashi 21 cikin 100, amma lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 ba ta riƙe fiye da kamar miligiram 9, idan zafin ya kai digiri 30 sai ta koma wajen 7 da rabi. Ga shi kuma ruwa na ƙara ɗumi, jikin kifi na ƙara neman iska. Shi ya sa masu sana'ar suke zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na ledar, su bar kashi biyu ga iska. Wanda bai sani ba sai ya ce a cika masa ruwa fal, yana ganin gata ya yi wa kifin, alhali shaƙe shi ya yi. Kada kuma ka hura ledar da bakinka, domin abin da ka fitar shi ne abin da kifin ke gudu.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Ta wurin da kifi ke numfashi, ta nan yake fitar da wani dafi da ake kira amoniya. A babban tafki ba a jin labarinsa, amma a leda taruwa yake yi. Wani ikon Allah, muddin ledar na ƙulle, iskar da kifin ke fitarwa tana ɗan tsamama ruwan, tsamin nan kuma yana danne kaifin dafin. Da zarar ka kwance bakin ledar, iskar ta fice, sai dafin ya farka. Saboda haka ledar da ta daɗe a ƙulle ba a kwance ta a bar kifi a ciki ana hira. Ka ɗora ta a ƙulle a kan ruwan da ka tanada, ta yi minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, sannan ka kwance, ka kwashe kifin da 'yar koma ka sa shi a sabon ruwa, tsohon kuma ka zubar. Kada ka haɗa tsohon ruwan da sabon.

Wannan dafi shi ne dalilin da ya sa ake hana kifi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Na san zuciyarka ba za ta so ba. Za ka gan shi yana zuwa bakin gilashi kamar mai roƙo, ka ji tausayi ya kama ka. Ka daure. Babban kifi mai lafiya yana yin kwanaki bai ci komai ba, ba abin da zai same shi, amma ɗan abincin da ya nutse ya ruɓe a bokiti yana iya gamawa da shi kafin asuba. Ƙananan 'ya'ya ne ba sa jure yunwa, su kuwa tun farko bai kamata a yi doguwar tafiya da su ba sai a hannun gwani.

Sai maganar ruwa. Mu 'yan cikin birni mun san bambancin ruwa tun kafin mu san karatu: wannan rijiya zartsi ce, waccan ta sha ce, wannan ɗan garuwa daga burtsatse yake ɗebowa. To kifi ya fi mu sanin wannan bambanci, don shi a ciki yake rayuwa. Ruwan famfo, irin wanda ake tacewa a Tamburawa da Challawa da sauran matatun birane, ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta. A gare mu rahama ne, ga kifi kuwa ƙuna ce a wurin numfashinsa. Akwai maganin da ake ɗigawa ya kashe kulorin nan take, 'yar kwalba ce da za ta shiga aljihunka, masu sayar da kayan kifi suna da ita. Kada ka fita gida ba tare da ita ba. Shanya ruwa ya kwana a buɗe yana korar kulorin, amma akwai wani nau'insa da wasu birane ke amfani da shi wanda ba ya tashi da shanya, kai kuma baƙo ne, ba ka san wanne ke fitowa a famfon ba. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan fito daga ƙasa da ƙarancin iska, yana buƙatar a kaɗa shi sosai kafin a sa kifi. Idan tafiyar ta mota ce kuma ba ta da nisa, mafi alheri ka ɗebo ruwan da kifin ya saba da shi a jarka mai tsabta, wadda ba ta taɓa ganin mai ko kalanzir ba.

Bokitin banɗakin otal kuwa, ko kallonsa kada ka yi. Ya sha sabulu da omo da maganin wanke masai, ɗauraya ba ta fitar da su duka. Ka tafi da naka sabo mai murfi, ko kula irin ta ƙanƙara, wadda ta fi komai riƙe zafin ruwa yadda yake. Ka huda murfin, ka rufe, domin kifi a baƙon wuri tsalle yake yi, kuma duhu na kwantar masa da hankali. Ka tafi da ɗan injin hura iska mai aiki da batir, da batiran canji. Ka san halin wutarmu, ka kuma san otal da yawa suna kashe janareto da rana, daidai lokacin da kake can wurin taro. Idan kana da soson tace ruwa da ya daɗe yana aiki a akwatinka na gida, ka ɗauko shi a jiƙe, domin a jikinsa ƙwayoyin da ke cinye amoniya suke zaune. Kullum kuma ka rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka mayar da sabo wanda ka riga ka gyara.

Kada tarwaɗa ta ruɗe ka. Ka saba ganinta a baho a kasuwa, ruwa ko rufe bayanta bai yi ba, tana ta motsi har yamma, sai ka ɗauka duk kifi haka yake. Tarwaɗa Allah ya yi mata wata halitta a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari kai tsaye. Gaiwa ma har huhu gare ta, tana shiga laka ta shafe rani. Yawancin kifayen ado ba su da wannan baiwa. Galibinsu ruwa mai digiri 24 zuwa 28 suke so, kuma sauyin gaggawa ya fi cutar da su a kan zafin ko sanyin kansa. Bajen kolin Kano na Titin Gidan Zu a ƙarshen shekara ake yin sa, lokacin da sanyin hunturu ke sauka da dare. A watan Afrilu kuwa zafin garin nan yakan kai digiri 40, mota da aka rufe a rana ta fi haka nesa ba kusa ba. Kada ka bar kifi a but ka ce bari ka yi sallah ka ci abinci ka dawo. Kada kuma ka shigo da shi daga wannan zafi ka ajiye shi a saitin na'urar sanyaya ɗaki.

Yanzu ga wanda na fi ji maka tsoro: maganin sauro. A otal-otal ɗinmu al'ada ce da yamma ma'aikaci ya shiga ɗaki ya fesa, don kyautata wa baƙo. Sinadaran da ke cikin na fesawa da na kunnawa, da wanda ake yayyafawa a kusurwa, suna cikin mafi muni ga kifi. Ɗan abin da ba zai sa ka ko atishawa ba ya isa ya kashe duk abin da ke cikin bokiti, kuma injin hura iskar nan naka shi zai zuƙo shi ya tura cikin ruwan. Turaren fesawa da na wuta ma ka nisanta su. Ka tafi da gidan sauronka, ka roƙi a bar maka ɗakin ba feshi.

Wannan ya kawo mu ga haƙƙin mai masauki. Kada ka shigo da kifi a ɓoye cikin jaka. Ka gaya wa mai karɓar baƙi gaskiya tun a ƙofa, in ya yarda ka gode masa, in ya ƙi ka nemi wani wuri ba tare da jayayya ba, don gidansa ne. Ɓoyewar ma kanka za ta cuta, domin mai shara da bai san da zaman bokitin ba shi ne zai fesa magani ko ya zubar da ruwan. Ka kira shi ka ce, "Malam, don Allah ga amanata nan, kada a taɓa, kada a fesa komai." Ka ɗan ba shi na goro. Ka tuna lita guda ta ruwa kilo guda ce, bokiti mai lita 20 ba abin ɗorawa kan ɗan teburin gefen gado ba ne. Ka ajiye shi a ƙasa, kan tayil, nesa da soket da kafet, ka shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa. Abin da ka ɓata kuma ka biya kafin a tambaye ka.

Wataƙila ka ce, Baba, duk wannan a kan kifin da bai kai yatsa ba? E, ɗana. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kyanwa tana kuka a ji, tana yagar ƙofa. Kifi ba ya kuka. Iyakar ƙararsa ita ce ya taso saman ruwa yana buɗe baki, ko ya kwanta a ƙasa ya naɗe fukafukansa, kuma sai mai lura ne ke gani. Ba shi ya ce ka raba shi da ruwansa ba, kai ka ga ya yi maka kyau ka ɗauko.

Idan kuma abin ya fi ƙarfinka, kada ka juye shi a masai, kada ka sake shi a kududdufi ko kogi kana ganin ka 'yanta shi. Ko dai ya mutu a wahale, ko ya rayu ya zama annoba ga na wurin. Giwan ruwa namu ne a Kwara da Tafkin Chadi, amma da aka sake shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen shafe nau'o'in ƙananan kifaye masu yawa da babu irinsu a ko'ina. Ka mayar wa wanda ya sayar maka, ko ka ba wanda ya iya. Wanda ka iso da shi gida lafiya kuma, ka ware shi shi kaɗai na mako 2 zuwa 4 kafin ka haɗa shi da na gida, don kada ya shigo musu da cuta.

Saboda haka ina roƙonka, idan ka je taro ka ga kifin da ranka ya biya, ka ba da kafin alƙalami, ka bar shi a hannun mai shi, wanda ke da ruwa da iska da wurin ajiya. Ka karɓe shi ranar da za ka kama hanya, da sassafe, kula na hannunka. In kuwa mai kifin ya ce ba zai ajiye ba, kai kuma ba ka zo da shiri ba, ka bar shi, ɗana, ka dawo gida da kuɗinka.