Hakkin Tsohon Kare

Karatu: Karin Magana 12:10, Luka 12:6-7, Ishaya 46:3-4



A gidajen masu bi da yawa, a ƙauyukan Gobir da Arewa da Damagaram, akwai wani ma'aikaci wanda ba ya karɓar albashi, wato kare. Shi ne yake kwana ido biyu saboda ɓarawon akuya, shi ne yake raka maigida gona, shi ne yake korar dila daga akurkin kaji. Amma kwanakinsa kaɗan ne. Yawancin karnuka sukan rayu shekara 10 zuwa 13, kuma tun daga shekara 7 ko 8 tsufa yakan fara bayyana. Haƙora su lalace, ido ya yi hazo, ƙafafun baya su yi nauyi, haushin da yake tsorata baƙo ya koma kamar tari.

A nan ne gwaji yake zuwa. An kai shi wurin likitan dabbobi, likita ya rubuta allura da ƙwayoyi, an yi lissafi, sai ga jaka bisa jaka. Ga hatsi ya yi tsada, ga kuɗin makarantar yara, ga tsohuwa a ɗaki tana bukatar nata maganin. Maƙwabta kuma suna dariya suna cewa, "Kare ne fa! Ka kore shi ka samo ɗan kwikwiyo." To, me mai bi zai yi?

Bari mu fara da abin da Maganar Allah take koya mana. Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin alamun mutumin kirki, ta kuma nuna cewa mugu ko ya tashi yin tausayi, ƙeta ce take fitowa. Allah ya sa dabbobi cikin dokar Asabar domin su ma su huta (Fitowa 20:10). Ya hana a ɗaure bakin sa yayin da yake sussuka (Maimaitawar Shari'a 25:4). Bayan ruwan tsufana, alkawarin da ya yi da Nuhu ya haɗa da kowace halitta mai rai (Farawa 9:9-10). Da yake tsauta wa annabi Yunusa a kan Nineba, bai manta da dabbobin birnin ba (Yunusa 4:11). Ikon da aka ba Adamu a kan dabbobi amana ce, kuma mai riƙon amana zai ba da lissafi.

Ku dubi lissafin kasuwa da Ubangiji Yesu ya yi. A Matiyu 10:29 gwara biyu kuɗinsu tsaba ɗaya ne. A Luka 12:6 kuwa, tsaba biyu takan sayi gwara biyar. Da ƙa'ida huɗu ya kamata a samu, ashe ta biyar ɗin gyara ce, wadda mai sayarwa ya ƙara don ba ta da wani daraja a idonsa. Duk da haka Yesu ya tabbatar mana cewa Allah bai manta da ko ɗaya daga cikinsu ba, har da ta gyaran. In haka ne, kare da ya yi shekara goma yana tsaron gidanka ba a ɓoye yake ga Mahaliccinsa ba. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ka ci amfanin ƙuruciyarsa, tsufansa ma yana wuyanka.

Amma Littafi Mai Tsarki bai daidaita mutum da dabba ba. A wuri ɗaya Yesu ya ce mu mun fi gwara masu yawa daraja, a Matiyu 12:12 kuma ya nuna cewa mutum ya fi tunkiya nesa. Manzo Bulus ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ba ya kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8). Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka hana yaro magani domin kare, kada ka sayar da irin shuka, kada ka ci bashin da zai hana iyalinka barci. Allah ba ya tambayarka abin da bai ba ka ba. Idan kuɗin aikin da likita ya ambata ya fi ƙarfinka, ba ka yi zunubi ba don ka ce ba za ka iya ba.

Sai dai tsakanin "ba zan iya biyan wannan ba" da "ba ruwana da shi" akwai rata babba. Na farko talauci ne, na biyu taurin zuciya ne. Akwai abubuwa da yawa da mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi.

Da fari, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da yake aljihunka tun kafin ya fara. Ka tambaye shi wanne ne dole yau, wanne ne zai iya jira, ko kuma akwai magani mai sauƙin kuɗi da zai rage wa dabbar zafi. Ubangiji da kansa ya yaba wa hikimar zama a yi lissafi kafin a fara gini (Luka 14:28). Ba abin kunya ba ne.

Na biyu, kada ka ba shi maganin mutane da ka. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen sukan lalata ciki da ƙodar kare, har su kashe shi. Arha ta irin wannan tsada ce.

Na uku, abin da tsohon kare ya fi bukata ba a kantin magani yake ba: inuwa lokacin bazara, tsohon buhu ya kwanta a kai lokacin hunturu, ruwa mai tsabta kullum, tuwo da aka jiƙa don haƙoransa, da hannun da zai cire masa kaska. Ku hana yara jifansa ko jan wutsiyarsa, gama dabba mai ciwo tana saurin cizo.

Na huɗu, in kuɗin abu ɗaya kaɗai gare ka, ka biya allurar rigakafin haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da yawa a cikinsu. An keɓe ranar 28 ga Satumba domin yaƙi da shi. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Wannan allura ƙaunar maƙwabci ce. Kore mara lafiyan kare zuwa titi kuwa, ɗora wa 'ya'yan wasu haɗari ne.

Wata rana likita zai iya cewa ba sauran magani, wahala ce kaɗai ta rage. A lokacin nan, barin likita ya yi masa allurar da za ta kawo ƙarshen azabarsa cikin sauƙi jinƙai ne. Guba da sanda da yasarwa a daji ba hanyar ɗan Allah ba ce. In kuwa hawaye ya zo maka, kada ka ji kunya. Dukan halitta tana nishi tana jiran ranar fansa (Romawa 8:19-22), Allah kuma ya san wannan nishi.

Me ya sa muke ɗaukar lokaci a kan zancen kare? Domin yadda muke yi da wanda amfaninsa ya ƙare yana tona abin da yake zuciyarmu, yara kuma suna kallo. Yaron da ya ga an kori tsohon kare don ya daina haushi ya koyi darasi, wata rana kuwa mu ne tsofaffin gidansa. Mai zabura ya ji wannan tsoro, ya roƙi Allah kada ya yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare (Zabura 71:9). Amsar tana cikin Ishaya 46:4, inda Allah ya yi alkawari zai ɗauki mutanensa har furfura. Almasihu ya mutu dominmu tun ba mu da wani amfani a gare shi (Romawa 5:6-8). Wanda aka yi wa irin wannan alheri, ya kamata ko dabbarsa ta shaida.

Abin tunani: Wace halitta, ko wane tsoho, Allah ya sa a hannuna? Me zan iya yi masa yau da abin da nake da shi?

Addu'a: Ya Uba Mahalicci, kai da ba ka manta da gwara, mun gode domin ba ka yashe mu. Ka ba mu abincin yau, ka biya bukatun iyalinmu. Ka ba mu hikimar raba kaɗan ɗin da muke da shi, ka kuma tsare mu daga taurin zuciya. Ka ta'azantar da duk wanda yake cikin damuwa saboda rashin kuɗin magani. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.