Wa Ke da Hurumin Hana Farauta? Rikicin Yanyawa Tsakanin Birni da Karkara a Birtaniya

Farautar yanyawa da garken karnuka tsohuwar al'ada ce a karkarar Ingila da Wales, kuma tun ranar 18 ga Fabrairu 2005 ta zama laifi a gaban doka. Kafin a kai ga hana ta, majalisar dokokin Birtaniya ta kwashe kimanin sa'o'i 700 tana muhawara a kan wannan jar dabba, 'yar dangin dila. Abin da ya ja zancen ya yi tsawo haka shi ne tambayoyi biyu da ke ƙarƙashinsa. Ta farko: wahalar da dabbar dawa ke sha tana da nauyin da zai sa a raba mutum da abin da ya gada kaka da kakanni? Ta biyu: idan al'ada ta mutanen wani yanki ce, alhali mafi yawan masu jefa ƙuri'a suna zaune a wani yankin, wa ya cancanci ya yanke mata hukunci?

Salon farautar da aka sani a yau ya kafu ne a ƙarni na 18, kuma ana danganta tsara shi ga Hugo Meynell na ƙungiyar farauta ta Quorn a gundumar Leicestershire. Kafin hanin, ana sakin karnuka masu yawa waɗanda aka horar da su bin sawu da hanci, mahaya dawakai kuma su rufa musu baya, suna tsallake shinge da kwari, wasunsu cikin jajayen riguna. In karnukan sun cim ma yanyawa, sai su kashe ta nan take. In ta faɗa rami, akan tura ƙananan karnuka su tsare ta, a haƙo ta a harbe. Ba a cin namanta. Ana yin wannan daga Nuwamba zuwa wajen Maris, kuma babbar ranar taruwa ita ce 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti.

Tun farko batun ya haɗu da bambancin talaka da mai hali. Dokar hana zaluntar dabbobi ta 1835 ta haramta wasan cuna wa bijimi ko beyar karnuka, wanda nishaɗin talakawan gari ne, amma ba ta taɓa dabbobin dawa ba, don haka farautar masu filaye da dawakai ta ci gaba abinta. Wannan ya daɗe yana ci wa 'yan jam'iyyar Leba tuwo a ƙwarya. An kafa ƙungiyar yaƙi da wasannin zalunci ta League Against Cruel Sports a 1924, an kuma kawo ƙudurin hani a 1949, sai dai gwamnatin Leba ta lokacin, wadda ke buƙatar manoma bayan yaƙi, ba ta goyi bayansa ba. Maganar ta sake tashi da ƙarfi bayan Tony Blair na jam'iyyar Leba ya hau mulki a 1997 da gagarumin rinjaye, wanda galibinsa daga mazaɓun birane ya fito.

Gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Lord Burns, ya miƙa rahoto a watan Yuni 2000. Ba a ɗora masa cewa a hana ko a bari ba, aikinsa tattara hujja ne, kuma abin da ya tattaro bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Ya ƙiyasta cewa ƙungiyoyin farauta na kashe yanyawa 21,000 zuwa 25,000 a shekara, kuma guraben aiki 6,000 zuwa 8,000 sun dogara da harkar. Ya tabbatar da cewa kora da kisan karnuka suna cutar da dabbar ƙwarai. Ya kuma ce sauran hanyoyin, irin su tarkon waya da harbi da bindigar tsaba, su ma suna da nasu cutarwar, kuma a yankunan tsaunuka kamar na Wales da wuya a iya rage yanyawa ba tare da karnuka ba.

Hujjar mutanen karkara ita ce ta mai ɗaki, wanda shi ya san inda yake masa yoyo. Makiyayin da ya wayi gari ya tarar an kashe masa 'yan raguna ko an share masa akurki ya san yanyawa ta wata fuskar da mazaunin Landan bai sani ba. Sun ƙara da cewa farautar ce ke haɗa kan ƙauye a tsakiyar hunturu, ita ke ciyar da maƙerin takalmin doki da mai kula da karnuka da mai sayar da ciyawa. Masanin falsafa Roger Scruton, a littafinsa On Hunting na 1998, ya kare ta da cewa hanya ce da mutum ke ɗaure kansa da ƙasar da yake zaune a kai da halittun cikinta, kuma irin wannan dangantaka ba ta ganuwa daga nesa. A lokacin karkara tana cikin ɓacin rai tun asali: annobar ciwon baki da kofato ta 2001 ta sa an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, ana rufe gidajen waya da makarantun ƙauye, kuɗin amfanin gona ya faɗi. Ranar 22 ga Satumba 2002, mutum sama da 400,000 suka yi tattaki a Landan bisa kiran ƙungiyar Countryside Alliance. Da yawansu ba su taɓa hawa doki ba. Sun zo ne don suna ganin mutanen da ba su san rayuwarsu ba ne ke mulkarsu.

Masu neman hani sun tsaya kan tushen da masanin falsafa Jeremy Bentham ya kafa tun 1789, wato abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin zafi, ko da ba ta magana, ko da ba ta da hankali irin na mutum. In an karɓi wannan, to zafin da yanyawa ke ji a gundumar Devon bai zama mallakar mutanen Devon ba, kamar yadda dukan jaki a wani ƙauye ba ya zama halal don kawai mutanen ƙauyen sun saba. A nan ne ƙa'idar masanin falsafa John Stuart Mill ta 1859 ta shiga tsaka mai wuya. Mill ya ce hukuma ba ta da ikon tauye 'yancin mutum sai don hana shi cutar da wani. Mafarauta sun riƙe wannan ƙa'ida suna cewa ba su cuci kowa ba, abokan hamayyarsu kuma suka riƙe ta suna cewa yanyawa ma tana cikin waɗanda ake cuta. Duk rikicin ya rataya ne a kan ko dabba na shiga lissafin waɗanda doka ke karewa, kuma ƙasar da ta riga ta hukunta mai azabtar da karensa ko dokinsa tun ƙarni na 19 ba ta da wata ƙwaƙƙwarar hujjar cewa dabbar dawa ba ta shiga.

Fiƙihun Musulunci ya daɗe da raba wannan gardama ta wata hanya mai amfani. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, hadisi kuma ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban mazhabar Malikiyya ke karantawa, ta sanya farautar nishaɗi a matsayin makaruhi, wadda ba ta nishaɗi ba kuma halal. Malamai sun kuma yarda a kashe dabbar da ke ɓarna, da sharaɗin a gaggauta, kada a azabtar. Ma'aunin a nan shi ne dalilin kisan da yadda aka yi shi. Da wannan ma'auni, manomin Wales da ke kare garkensa yana kan hujja mai ƙarfi, shi kuwa wanda ya biya kuɗi don ya ji daɗin sukuwa a bayan dabbar da ake kora har ta gaji, tasa hujjar ta yi rauni, ko da iyayensa da kakanninsa sun yi.

Raunin ya ƙara fitowa in aka duba tarihin ƙungiyoyin farautar kansu. Sun ce suna rage mai ɓarna, amma su ne ke dasa kurmi don yanyawa ta sami mafaka, kuma a ƙarni na 19, da ta yi ƙaranci, har shigo da ita aka riƙa yi daga nahiyar Turai ana sayarwa a kasuwar Leadenhall ta Landan. Haka nan ikirarin cewa karkara duka bakinta ɗaya bai tabbata ba. Ƙuri'un jin ra'ayi da kamfanin Ipsos MORI ya sha gudanarwa, bisa ɗaukar nauyin masu adawa da farautar, sun nuna mafi yawan mazauna karkara ma suna goyon bayan hanin. Akwai manoman da ba sa son dawakai su tattake musu shuka, ko karnuka su firgita musu tumaki masu ciki.

Sai dai su ma masu rinjaye ba su fita fes ba. Birtaniya na yanka kaji kusan biliyan ɗaya a shekara, yawancinsu an kiwata su a cunkushe, kuma ana sakin miliyoyin tsuntsayen da aka rena musamman don a harbe su a wasa. Dokar ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An zaɓi zaluncin da hana shi ba zai ci wa mai zaɓe na birni ko kwabo ba. Wani ɗan majalisar Leba, Peter Bradley, ya fito fili a jarida a Nuwamba 2004 ya yarda cewa faɗan na aji ne, tsakanin tsofaffin masu filaye da sauran jama'a. Wannan bai mai da wahalar yanyawa ƙarya ba, amma ya zubar da mutuncin dokar a idon waɗanda ta hau kansu, domin mutum ya fi saurin karɓar hukuncin da aka yi don tausayi fiye da wanda aka yi don ramuwa.

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a ce zama kusa da abu yana ba mutum sani, kuma wajibi ne a saurari wannan sanin, amma ba ya ba shi ikon yanke hukunci shi kaɗai. Nauyin muryar yanki yana ƙaruwa ne gwargwadon asarar da yankin zai ɗauka. Misalin Suwizalan ya nuna ɗaya gefen: ranar 27 ga Satumba 2020, kashi 51.9 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi gyaran dokar farauta da zai sauƙaƙa harbin kyarkeci, inda biranen Zurich da Geneva da Basel suka rinjayi yankunan tsaunuka irin su Valais da Graubünden. A can tumakin mutanen tsauni ne ake ci, don haka kukansu ya fi na mahayan Ingila tushe, kuma a ƙarshen 2022 majalisar ƙasar ta sake gyara dokar ta ba da damar rage kyarketai.

A Ingila an gwada bin tsakiya. Minista Alun Michael ya kawo tsarin lasisi, wanda zai bar farauta inda aka tabbatar da buƙata kuma babu hanya mai sauƙin cutarwa, amma 'yan majalisar jam'iyyarsa suka mai da shi hani ɗungurungum. Ranar 15 ga Satumba 2004 majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 356 a kan 166, a daidai ranar da wasu masu zanga-zanga suka kutsa har cikin zauren. Majalisar dattawa ta Lords ta ƙi, sai aka yi amfani da dokokin 1911 da 1949 da ke ba wakilai damar tsallake ta, dokar ta tabbata ranar 18 ga Nuwamba 2004. Ta bar damar amfani da karnuka biyu don koro dabba zuwa bakin bindiga, ta kuma cire ɓera da zomon rami daga kariya. Mafarauta sun kai ƙara sun faɗi a kotun ƙoli ta ƙasar a 2005 da 2007, sannan a kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2009. Alƙalan sun tafi a kan cewa hukunci irin wannan, na abin da al'umma ke ɗauka zalunci, aikin zaɓaɓɓun wakilai ne. Blair kuwa, a littafin tarihin rayuwarsa na 2010, ya lissafa dokar cikin abubuwan da ya yi nadama.

Rabuwar ba ta tsaya tsakanin birni da ƙauye kaɗai ba, ta bi iyakokin ƙasashen da suka haɗu suka zama Birtaniya. Sikotland ta riga ta yi tata dokar a 2002, wadda ba ta ƙayyade yawan karnukan koro ba. A Yuli 2015 gwamnatin David Cameron ta nemi sassauta dokar Ingila ta yi daidai da waccan, sai jam'iyyar SNP ta Sikotland, mai kujeru 56 a lokacin, ta ce za ta ƙi amincewa, duk da cewa gyaran bai shafi mazaɓunta ba, aka janye ƙudurin. Wakilan wata ƙasa ne suka yanke wa karkarar wata ƙasa hukunci. Firaminista Theresa May ta yi alkawarin sake kaɗa ƙuri'a a zaɓen 2017, ta janye a farkon 2018. A Ireland ta Arewa majalisar yankin ta yi watsi da ƙudurin hani a Disamba 2021 da ƙuri'a 45 a kan 38, don haka can ne kaɗai a Birtaniya farauta da karnuka ke nan bisa doka.

Asarar ayyukan da aka yi fargaba ba ta auku yadda aka zata ba, domin ƙungiyoyin ba su watse ba. Sun koma jan tsumma mai warin dabba a ƙasa don karnuka su bi, suna cewa in an kama yanyawa ta gaske to tsautsayi ne. Masu adawa na ganin wannan lulluɓi ne kawai, kuma tabbatar da niyya a gaban kotu yana da wuya. A 2021 hukumar National Trust, ɗaya daga cikin manyan masu filaye a ƙasar, ta daina ba da izinin yin haka a filayenta bayan ƙuri'ar mambobinta. Sikotland ta haramta shi a dokarta ta 2023, ta kuma rage karnuka zuwa biyu sai da lasisi na musamman, jam'iyyar Leba kuma ta sa hana shi a Ingila da Wales cikin alkawuranta na zaɓen 2024.