Gayya: Aikin Lada Ko Aikin Tilas?

A shekarar 2008 Barack Obama, yana neman shugabancin Amurka, ya yi alkawarin faɗaɗa bautar ƙasa da aikin sa-kai. Mu a Sae Sabuwa wannan ba baƙon abu ba ne. Kakanninmu sun san gayya, kuma bayan 1974 gwamnatin Saini Kunce ta farfaɗo da Samariya, matasa suka gina azuzuwa da hannuwansu.

To, idan hukuma ce ta kira gayya, shin aikin yana nan na alheri? Masu shakka suna da hujja, domin aikin tilas na zamanin Faransa, wanda aka soke a 1946, ya bar tabo. Amma kuma ajin da aka gina yana amfanar yara, ko maginin ya so ko bai so ba.

A ganinmu, hukuma tana iya tsara aiki, amma niyya ta mai aikin ce, lada kuwa niyya yake bi. Sai dai da sharaɗi: amfanin ya koma ga jama'a, kada ɗan talaka kaɗai ya ɗauki tubali, kada a raba manomi da gonarsa da damina. In an kiyaye wannan, mu amsa kira da zuciya ɗaya. Allah Ya sa mu dace.