Awon da Ba a Yi Ba

Kwana huɗu na yi ina jinyar yayata a ɗakin masu jego na wani asibitin gwamnati, bayan an yi mata aiki an ciro mata ɗa namiji. A dare na uku aka kwantar da wata yarinya, wadda ba za ta wuce shekara 19 ba, a gadon da ke kusa da namu. Haihuwar fari ce, ta sauka lafiya wajen magariba, mahaifiyarta na zaune a tabarma rungume da jaririyar. A ƙarshen gadon an rataye takardar da ake rubuta awon jini da bugun zuciya. Nas ɗaya ce tak a ɗakin, gadaje sun cika har wasu na kwance a ƙasa, ga shi an ɗauke wuta tun bayan isha'i.

Ban runtsa ba a daren, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Sau ɗaya aka ɗaura wa yarinyar nan na'urar awo, wajen ƙarfe 9. Can tsakar dare uwar ta miƙe ta sami nas ɗin ta ce, "'Yata, zo ki duba mini ita, zani na biyu ke nan ya jiƙe." Nas ta ce, "Mama, jinin biƙi ne, ki yi haƙuri ina zuwa." Ba kuwa yaudararta ta yi ba, domin a lokacin tana fama da wata mai jijjiga a can ƙarshen ɗakin. Sai wajen ƙarfe 3 ta samu ta zo. Ta haska da fitilar wayarta, ta ga abin da ake ciki, ta aika a taso likita, aka shiga neman jini. Kafin kiran assalatu yarinyar ta cika.

Bayan an rufe ta, nas ɗin ta ciro takardar nan, ta jingina da bango, ta shiga cike layukan da ke wayam: ƙarfe 10, ƙarfe 11, ƙarfe 12, har zuwa 2. Muka haɗa ido, ta kau da kai. Uwar marigayiya kuwa ta riƙo hannunta ta ce, "Sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kwananta ne ya ƙare." Ni ma na ce amin, na ja bakina na yi shiru. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko shirun nan haƙuri ne irin wanda aka hore mu da shi, ko kuwa cin amana ne da na lulluɓe da mayafin haƙuri.

Ban ga laifin tsohuwar nan ba, kuma ba zan taɓa gani ba. Wanda ya yi rashi yana buƙatar abin da zai dafa, kuma imani da ƙaddara shi ne ya hana ta faɗuwa a gaban gawar 'yarta. Amma magana ɗaya tana iya zama tawakkali a bakin wanda aka yi wa rashi, ta zama mafaka a bakin wanda aka ɗora wa alhakin kulawa. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yanke shawarar juyawa da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Awon jini kowace sa'a ga mai jego da ke zubar da jini yana cikin ƙaddarar da aka umarce mu mu gudu zuwa gare ta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, gaskiya ne. Sai dai ba a taɓa ce mana saboda haka an yafe wa mai sakaci tambaya ba.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan kama jiki a wurinmu, wato da babu gara ba daɗi. Talaka ya biya ɗan kuɗin kati, an ba shi gado, an dube shi, to me kuma zai nema? Da wannan karin maganar muke karɓar kujerar makaranta mai ƙafa uku da ruwan famfo mai launin ƙasa, kuma wataƙila a can tana da wurin zama. A asibiti kam ba ta da shi. A 2018 wani kwamitin masana na mujallar Lancet Global Health ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, mutum miliyan 8.6 ne ke mutuwa kowace shekara daga cututtukan da ake iya magancewa. Miliyan 3.6 daga cikinsu ba su kai ga asibiti ba. Sauran miliyan 5 sun kai, kulawar da suka tarar ce ba ta da inganci. Shekara da shekaru ana shiga rediyo ana roƙon mata su daina haihuwa a gida. Yarinyar nan ta ji kira ta zo. Wanda ya kira mutum zuwa inuwa ya ɗauki alkawarin cewa reshe ba zai faɗo masa ba, ko ya furta ko bai furta ba.

To, a wuyan wa alkawarin yake? Da farko na ɗora komai a kan nas ɗin, domin ita ce fuskar da na gani. Daga baya na karanta yadda Avedis Donabedian, wani likita malamin jami'a a Amurka, ya rarraba ingancin kulawa a 1966: akwai abin da aka tanada na ma'aikata da kayan aiki da gini, akwai abin da aka yi wa majinyaci a aikace, sannan akwai sakamakon da ya biyo baya. Da na auna darenmu da wannan ma'auni sai na ga an kayar da nas ɗin tun kafin ta sa ƙafa a ɗakin. Hannu biyu gare ta, masu neman hannun sun fi ƙarfin ƙirga a duhu. Ba ita ta hana a ɗauki ma'aikata ba, ba ita ta bar janareto babu mai ba, ba ita ta bar ma'ajiyar jini a bushe ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce kowace cibiyar lafiya a Nijeriya sai ta mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida kafin ta yi aiki. Wanda duk ya kwana a ɗaki irin namu ya san nisan da ke tsakanin wannan tanadi da tabarmar da yake kwance a kai.

Duk da haka ban iya wanke ta ba, kuma a nan ne zancen ya fi yi mini nauyi. Mutuwar wataƙila ta fi ƙarfinta. Takardar ba ta fi ƙarfinta ba. Layukan nan biyar da ke wayam su kaɗai ne shaidar da ta rage a duniya cewa nas ɗaya ba ta isa wannan ɗaki ba. Da ta bar su yadda suke, da duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya yi karo da sa'o'in da babu wanda ya leƙa marigayiya, ya tambayi dalili. Yanzu kuwa idan kwamitin da ke bitar mace-macen masu haihuwa ya zauna, zai karanta cewa an auna ta a kan kari, an yi duk abin da ya dace, Allah ya yi ikonsa. Za a rufe fayil, jadawalin aikin dare ya ci gaba yadda yake, wata yarinyar ta zo ta kwanta a gadon.

Na san abin da ya sa ta rubuta. Ta san cewa mai zuwa dubawa takarda yake dubawa, kuma layin da babu komai shi ke jawo takardar tuhuma, ba gawa ba. Tsarin da ke hukunta mai faɗin gaskiya ya ƙyale mai cike gurbi, shi da kansa yake koya wa ma'aikatansa ƙarya. Irin wannan sa ido yana haifar da fayiloli masu tsabta da maƙabarta mai cika. A Bagadaza, a shekarar 931, da labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa kuskuren wani mai magani ya kashe majinyaci, bai tsaya ga mutum ɗaya ba. Ya sa Sinan bin Sabit ya jarraba masu aikin likita na birnin, sama da 860, kafin a bar su su ci gaba. Abin da ya ba da damar wannan gyara shi ne labarin ya isa gare shi yadda ya faru.

Kuma abin takaicin shi ne maganin abin da ya kashe ta ba a wata uwa duniya yake ba. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ciki a ga yawansa da lamba maimakon a kintata da ido ko a ƙirga zannuwa. Da zarar ya kai wani mizani sai a haɗa matakan gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a bincika inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayansa suka ragu da kashi 60 cikin 100. Tushen nasarar duka awo ne na gaskiya a kan lokaci, wato ainihin abin da aka ƙirƙira da biro a gabana.

Saura ni. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kunya ce ta hana ni magana, ko tausayin uwar da bai kamata a ƙara mata ciwo a kan ciwo ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Tsoro na ji. Yayata na kwance da ɗinki a ciki, kuma hannun da ya cike takardar shi ne zai wanke mata ciwon da safe. Majinyacin asibitin gwamnati ba shi da wani wurin zuwa, shi ya sa godiyarsa ba ta zama shaidar an kyautata masa, shirunsa kuma ba ya zama shaidar ya yarda. Idan da mai tambayar gamsuwar majinyata ya zo mini a safiyar nan da fom ɗinsa, da na ce masa komai lafiya lau, da shi ma ya rubuta. Ashe ni da nas ɗin layi ɗaya muka cike.

Da gari ya waye, kafin ta miƙa aiki, ta zo gadonmu. Idanunta sun yi ja. Ta ciro safar hannu daga jakarta, domin na ɗakin sun ƙare tun jiya, ta buɗe ciwon Yaya a hankali, ta wanke, ta rufe, har tana tambayarta ko jaririn ya kama nono. Sannan ta ɗauko na'urar awo ta ɗaura mata, ta jira, ta karanta, ta rubuta abin da ta gani. An riga an cire zanin gadon da ke kusa da mu, an juya katifar. Na ce mata, "Sista, sannu da aiki." Ta ce, "Yawwa," ba ta ɗago ba.