Nonon Wa Bakwaini Zai Sha?

Bahaushe yana kiran jaririn da ya riga lokacinsa bakwaini, ko da ba a wata bakwai cif aka haife shi ba. Likitoci kuwa ma'auni suke bi: jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba nauyinsa ya gaza, wanda bai kai kilo ɗaya da rabi ba kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa fargaba. Irinsu ne akan kwantar a sashen jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma bayan numfashi da ɗumin jiki, babu abin da rayuwarsu ta rataya a kansa kamar abinci.

Abincin nan ba shi da yawa. Jariri mai kilo ɗaya da giram 200, idan cikinsa ya saba, abin da zai sha a yini bai wuce cikin kofin shayi ba, kuma ana fatan ya riƙa ƙara kimanin giram 18 kullum. Sai dai kafin mako na 34 da shigar ciki jariri bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, saboda haka tatsa ake yi a ba shi ta siririn bututu da aka zura ta hanci ko baki zuwa ciki. Hanjinsa ma bai nuna ba. Madarar gwangwani, wadda tushenta nonon saniya ne, tana ƙara masa haɗarin wata cuta mai ruɓar da hanji, alhali nonon mace, musamman dakashin nan da wasu kakanninmu ke cewa a zubar, kariya ne gare shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa ne farko, in babu, sai na wata macen.

To, a nan gizo ke saƙar. Uwar bakwaini sau da yawa ita ma majinyaciya ce: ko jijjiga ta kama ta, ko an yi mata aiki, ko ruwan nono ya ƙi zuwa, ko kuma ta riga mu gidan gaskiya. A Turai da Amurka an warware wannan da rumbun nono, inda mata ke bayarwa, a gwada jininsu, a gasa nonon a ma'aunin zafi 62.5 na minti 30, sau da yawa a gauraya na mata da dama, a raba wa jarirai ba tare da kowa ya san na wa ya sha ba. Mu kuwa a wurinmu nono dangantaka ne. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta auren uwar shayarwa da 'yar'uwar shayarwa, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda almajiran Barno ke karantawa a Risala da Muhtasar, ko kaɗan ne ya isa cikin yaro hukuncin ya tabbata, ko ta baki aka ɗura ko ta hanci. Wato bututun asibiti bai kuɓutar da kowa ba. Tsoron kada wata rana mutum ya auri 'yar'uwarsa bai sani ba ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta hana kafa irin wannan rumbu a 1985. Shaihu Yusuf Alƙardawi ya saɓa mata, yana bin Ibn Hazm a kan cewa sai an kama mama ne zumunci ke ƙulluwa.

Mai karatu zai iya cewa ai rai ya fi komai, lalura kuma tana halatta abin da aka hana. Haka ne. Amma ni a ganina an yi gaggawar ɗaukar al'amarin a matsayin karo tsakanin rai da shari'a, alhali shari'ar ba ta taɓa hana mace shayar da ɗan wata ba. Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Abin da aka ƙi shi ne ɓatan suna. Rumbun Turawa ya mai da nono kamar magani a kwalba, wanda aka sha aka manta. Fiƙihu kuwa cewa ya yi matar da jikinta ya gina ƙashin yaron nan ta zama uwarsa, 'ya'yanta da na mijinta sun zama 'yan'uwansa har abada. Ban san wata karramawa da aka yi wa mai kyauta da ta kai wannan ba. A garin da tun 2009 ya cika da marayu da waɗanda aka raba da ƙauyukansu, samun ƙarin uwa ba abin gudu ba ne.

Ba a kuma rasa inda aka gwada hakan ba. A Kuwait da Malesiya akwai asibitocin da ke haɗa mai bayarwa da iyayen jariri su san juna, ba a gauraya nono, a kuma rubuta komai. Nauyin da ke kanmu ke nan, kuma ba ƙarami ba ne, domin dole a gwada mai bayarwa saboda ƙanjamau da ciwon hanta, a nemi yardar mijinta da ta uban jariri, a taƙaita kowane jariri ga mace ɗaya ko biyu. Kakanninmu ba su bukaci takarda ba, don tsofaffin unguwa su ne kundin. A ɗakin asibiti kuwa, inda matar Bama ke kwance kusa da ta Monguno, babu tsohuwar da za ta tuna bayan shekara ashirin. Sai an rubuta sunan matar da na mijinta da na jaririn, a gaban shaidu. Kuma wanda ya ga yadda ruwan Alau ya shiga asibitin koyarwa a watan Satumba na 2024 ba zai yarda a ajiye irin wannan kundi a wuri ɗaya ba: kowane gida daga cikin biyun ya tafi da nasa kwafin, na uku kuma a kai wa alƙali.